An yi mini tiyata sau biyu, maigida ya hana ni tazarar haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Daura nake. Haihuwata biyu a jere duk tiyata aka yi mini, ta ƙarshe wata biyar ke nan. Likita ta ce in na sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu mahaifata na iya fashewa. Maigidana ya ce tazarar haihuwa kisan 'ya'ya ce, ba zai yarda ba. Ya halatta in sa ashanar hannu, wato maganin tazarar da ake sawa a ƙarƙashin fata, ba da saninsa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya abin da aka samu.

Haihuwa haƙƙin miji da mata ce su biyu, shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara bisa shawara da yardar juna. Da gajiya kawai kika kawo mini, da na ce ki ci gaba da lallashinsa. Amma kin ce likita ta duba ki ta ji miki tsoron fashewar mahaifa, kuma nan hukuncin ya canza. Miji ba shi da haƙƙin da zai kai matarsa ga halaka. Allah Ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta (Baƙara, 233).

Maganar maigidanki kuwa ba daidai ba ce, ko da yake na san tsoron Allah ne ya sa shi faɗin ta. Ayar da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci tana magana ne a kan ran da ya riga ya samu. Wa aka kashe alhali ciki bai shiga ba? Ke kuma ba talauci kike gudu ba. Malamai na auna tazara ne da azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje lokacin saduwa. Ibn Hazm ya haramta azalu, yana kafa hujja da hadisin Judama da ke Sahihu Muslim, inda aka kira shi ɓoyayyen binne jariri. Jumhurun malamai sun ɗauki wannan a kan karhanci, domin Jabir ya ce suna yin azalu alhali Alƙur'ani na sauka, ba a hana su ba. Imamu Malik ma a Muwaɗɗa bai haramta shi ba, sharaɗin da ya sa shi ne izinin matar. Karhanci kuma yana faɗuwa idan lalura ta zo, balle lalurar rai.

Sai dai 'yar'uwa, kada ki fara da ɓoyewa. Ashana ana jin ta a ƙarƙashin fata, kuma ranar da ya gano, amana ce za ta taɓu. Ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita. In ya ƙi, ki sa mahaifinki ko wani malami da yake jin nauyinsa su zauna da shi. In duk an yi ya kafe, ki sa, babu zunubi a kanki, iyakar lokacin da likita ta ɗiba.

A asibiti za a sa miki, kuma ki gaya musu kina shayarwa. Takan rikita al'ada, don haka in jini ya zarce kwanakinki ki dawo mu yi maganar sallarki da azuminki. Ɗaure mahaifa gaba ɗaya wani hukunci ne daban, sai likitoci sun tabbatar babu wata mafita.

In Allah Ya ƙaddara ciki ya shiga, ba a zubar da shi don wannan tsoron. Ki fara awo da wuri, kada ki yarda ki haihu a gida. Kika ga jini ko ciwon mara mai tsanani, ki tafi asibiti ko maigida ba ya nan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Wallahu a'alam.