Ledar Rogo Za Ta Ceci Jar Akuya?

Tambaya: Malam, ni mahauci ne a Sakkwato. Da wuya mako ya fita ban feɗe akuya na tarar da curin leda a tumbinta ba. Ɗana ya ce yanzu ana yin leda da rogo, mai ruɓewa. Wagga magana gaskiya ta?

Amsa: Gaskiya ta, Baba, yaro bai yi ƙarya ba. Sai dai kada ka saki baki tukuna.

Ledar da muka saba da ita daga man fetur take. Wadda ɗanka ke nufi kuwa, ana tatso sitaci daga rogo ko masara, a mai da shi sukari, a bar ƙwayoyin bakteriya su tsamama shi kamar yadda nono ke tsami, sannan a sarrafa tsamin ya zama roba da ake kira PLA. Akwai kuma PHA, wadda ƙwayoyin kansu ke tarawa a jikinsu. Wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano irinta tun 1926, amma tsada ta hana ta cika kasuwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Fitowa daga tsiro daban, ruɓewa daban. A Burazil ana yin leda da rake, amma ba ta ruɓewa ko kaɗan. PLA ɗin ma sai ta samu laima da zafi wajen digiri 58 a masana'anta ta musamman da ke ruɓar da shara ta zama taki. Na san za ka ce zafin watan Afrilu a Sakkwato ai ya isa. Zafin namu busasshe ne. Idan aka jefar da ita a juji, tana nan har akuya ta same ta.

Abin da ya fi burge ni a binciken yanzu shi ne karkata ga shara: ɓawon rogo, ƙaiƙayin shinkafa, ciyawar teku. Ko ba komai, ba a taɓa garin da talaka zai sha ba, kuma Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo. Matsalar ledar sitaci ita ce shan ruwa, shi ya sa ba ta riƙe fiya wata ko ɗanyen nama.

Duniya na yin roba wajen tan miliyan 400 a shekara, wadda ke fitowa daga tsiro ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kafin ta iso Kasuwar Kara da araha, ka ce wa masu sayen nama su zo da kwanonsu.