Gahawa Kafin Hawan Keke: Ita Ce Ke Busar da Jiki?

Tambayoyin wannan mako duk a kan keke da abin sha suka faɗo, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Zan riƙa cewa gahawa, domin in na ce kofi sai a rasa abin shan nake nufi ko mazubinsa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Ƙofar Kwaya, cikin Katsina. Duk Asabar bayan sallar asuba ni da abokaina mukan bi hanyar Daura a kan keke, wani lokaci har Mashi mu juyo. Kafin mu tashi nakan tsaya wurin mai shayi ya haɗa mani Nescafé mai kauri. Yayana ya ce in daina, wai tana tsotse ruwan jiki, wata rana sai an kwaso ni an yi mani ƙarin ruwa. Gaskiya ne? In haka ne, me zan saya a madadinta?

Amsa: Ƙanena, yayanka yana da gaskiya da ya ji maka tsoron ƙarin ruwa, sai dai ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da ake tsoro a gahawa shi ne sinadarin kafeyin, wanda yake cikin ganyen shayi da goro ma. Lallai yana taɓa ƙoda. Yana sa ta saki gishiri fiye da yadda ta saba, ruwa kuwa duk inda gishiri ya bi sai ya bi bayansa, sai fitsari ya ɗan ƙaru. Wanda abin ya fi kamawa shi ne mutumin da bai saba ba, ko ya kwana biyu bai sha ba, sannan ya kwankwaɗi mai yawa a tashi ɗaya, kamar miligiram 300 zuwa sama. Mai sha kullum irinka, cikin 'yan kwanaki jikinsa ya saba. Binciken 1928 da ake yawan jingina wannan tsoro da shi, a kan mutum uku kacal aka yi shi, kuma cikin abin da ya nuna har da wannan sabon.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka ɗauki maza 50 da suka saba da gahawa. Kwana uku ana ba su kofi huɗu na gahawa a kullum, wasu kwana ukun kuma ana ba su ruwa daidai wannan awon. Aka auna nauyinsu da jininsu da fitsarinsu, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ai kusan duk abin da ke cikin kofin ruwa ne, kuma abin da ya shiga ya fi ɗan abin da kafeyin ya kora.

Ga kuma wani abu da ya shafi mai keke kai tsaye. Da zarar ka fara taka feda da ƙarfi, jini yana karkata zuwa cinyoyi da fata, abin da ke isa ƙoda ya ragu, jiki kuma ya saki sinadarin da ke umartar ta da ta riƙe ruwa. Ɗan ƙarin fitsarin da gahawa ke jawowa a zaune, a kan sirdi kusan ɓacewa yake yi. Ka tuna da kanka, bayan awar farko sau nawa ka taɓa sauka don kama ruwa?

Ɓarawon na gaskiya gumi ne. Mai motsa jiki sosai yana zubar da rabin lita zuwa lita biyu a awa guda, wasu ma fiye. Ledar fiya wata rabin lita ce, sai ka yi lissafin tafiyar awa huɗu a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. Iskarmu kuma busasshiya ce, ga iskar gudun keke a kai, gumin yana fitowa tana lashe shi, sai ka ɗauka ba ka yi zufa ba. Duba bakin hularka da bayan rigarka in ka dawo. Farin zanen nan kamar an barbaɗa kanwa, gishirin jikinka ne. Hunturu ma ya fi yaudara, domin sanyi yana kashe ƙishirwa alhali kowane numfashi yana fitar da ruwa.

Ni kaina na taɓa shan wannan kashi. Wata bazara na fita ta hanyar Dutsin-Ma da leda biyu kacal a aljihu, ko gahawar ma ban sha ba ranar. A dawowa ƙaya ta huda tayar baya, na tura keken da ƙafa cikin rana kafin in sami mai faci. Ina zaune gindin bedi yana shafa gam, na ji harshena ya zama kamar soso, kaina yana sarawa, na miƙe in biya shi sai duhu ya rufe mani ido. Wata baiwar Allah mai fura ce ta cece ni.

Laifin gahawa na gaskiya daban ne, kuma ya kamata ka san shi. Tana rage jin gajiya, shi ya sa masu tseren keke na duniya suke shanta. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ma ta cire kafeyin daga jerin haramtattu tun 2004. To amma abin da ya rage maka jin gajiya yana iya sa ka zarce inda ya kamata ka tsaya ka sha ruwa a inuwa. In ta yi yawa kuma sai faɗuwar gaba, rawar hannu, ƙwarnafi, wasu ma ta murɗa masu ciki a wurin da babu inda za a kewaya.

Awon da masana wasanni suka fi ambata shi ne miligiram 3 zuwa 6 ga kowane kilo na nauyin mutum, minti 30 zuwa awa guda kafin a fara. Ni ƙasan awon nake ba da shawara. In nauyinka kilo 65 ne, wajen miligiram 200 ke nan, kuma ƙaramin cokali ɗaya na garin Nescafé yana da kimanin 60. Ko cokali biyu ma sun ishe ka. Ka sa ido a hannun mai shayin, domin cokalinsu tozo ne da shi, in ka ce “mai kauri” kuwa sai abin da hannunsa ya ɗebo. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce a 2015 babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini.

Saboda haka ba madadi kake buƙata ba. Kuɗinka ka kai su wurin gora biyu masu murfin da ake buɗewa da haƙori, da maƙalinsu na jikin keke. Ledar da ke cikin jakar baya sai an tsaya ake shanta, abin da sai an tsaya kuwa jinkirta shi ake yi. Ka sha leda ɗaya tare da gahawar, a hanya kuma ka riƙa kurɓa kowane minti 15 zuwa 20. In kana son sanin awon jikinka, hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Kowane kilo da ya ɓace kusan lita guda ce, kuma in ragin ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinka, ƙarfinka ya riga ya fara sauka. Fitsari ma shaida ne: mai haske-haske lafiya lau, wanda ya yi duhu kamar ruwan shayi kuwa bashi ne a kanka. Sai dai mai shan ƙwayar bitamin B kada ya dogara da launi, tana rina fitsari rawaya shar ko da jiki a ƙoshe yake.

In wani cikinku ya fara sambatu, ko amai, ko tangaɗi a kan keke, wannan ya wuce ƙishirwa. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi fifita, a nemi asibiti nan take.

Tambaya: Ni da keke nake kai wa masu shaguna kaya a cikin garin Daura, tun safe har la'asar. Wanne ya fi in riƙa saye, lemon gwangwani mai ƙara kuzari ko garin ORS na kemis, wato haɗin gishiri da sukari?

Amsa: Ɗan'uwa, ORS, kuma ba kusa ba. Aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da kafeyin miligiram 80 da sukari wajen giram 27, gishirin da ke ciki kuwa bai kai ya mayar maka da wanda ka zubar ba. Abin sha mai zaƙi da yawa yana daɗewa a ciki kafin ya wuce, ga gas yana kumbura ka har ka ji ka ƙoshi alhali jikin bai samu ba. Na roba da ake sayarwa a kowane lungu sun fi gwangwanin girma, mutum kuma ba ya barin saura, sai ka ga an sha uku kafin azahar. ORS an haɗa shi ne daidai yadda hanji ke saurin tsotsewa. Ka karanta jikin ledar, domin akwai na lita ɗaya, akwai na ƙasa da haka. Ran da babu kuɗi, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba kullum ba ne kuma, ranakun zafi da dogon aiki ne. Sauran ranaku ruwa da abincin rana mai gishiri sun wadatar. In kana da hawan jini ko ciwon ƙoda, likitanka ne zai yanke maka awo, ba ni ba.

Tambaya: Ni dattijo ne, na fi shekara 30 ina zuwa gona a kan Raleigh ɗina. Ban san gahawa ba, goro nake ci. Shi ma yana busar da jikin?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Kafeyin ɗin dai shi ne, hukuncin ma ɗaya ne: jikin da ya saba ba ya asarar ruwa saboda ɓari ɗaya ko biyu. Bambancin shi ne gahawa tana zuwa da ruwanta, goro kuwa a bushe yake zuwa. Baurinsa yana ɗaure baki, ɗan zaƙin da ruwa ke yi bayansa kuma yana sa a ga kamar kurɓa biyu sun isa. Ga shi ƙishirwa tana raguwa da shekaru ko da jiki yana bukata. A riƙa ɗaura gora a kariya, a sha ko ba a ji ƙishi ba. In ana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, a gaya wa likita ana cin goro kuma ana aikin rana.

Tambaya: Da azumi fa? In sha gahawa da sahur in zan hau keke zuwa aiki?

Amsa: Nan ne kaɗai zan ɗan ja maka burki. Duk abin da na faɗa a sama ya ginu ne a kan cewa za ka iya sha a hanya, mai azumi kuwa abin da ya fita ya fita sai magariba. In ka saba da ita, sha ƙaramin kofi ɗaya mara kauri, domin yanke ta kwatsam yana kawo ciwon kai na kwana biyu zuwa sama. In ba ka saba ba, sahur ba lokacin koyo ba ne. Wani bincike na 2016 da ya gwada abin sha iri 13 ya nuna madara tana daɗewa a jiki fiye da ruwa zalla, gahawa da shayi kuma sun yi kunnen doki da ruwa. Don haka ka ba madara ko fura da nono wuri a sahur ɗinka. Hawan motsa jiki kuma ka mayar da shi bayan asham, sai dai kada ka haɗa shi da gahawa a lokacin, domin rabin kafeyin ɗin yana nan cikin jini bayan kimanin awa biyar, ka ga mai kiɗan sahur zai same ka ido biyu. Ka sayi fitilar gaba da jar fitilar baya kafin ka fara fitar dare.