Tambaya da Amsa: Na goro a shinge, laifin wa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jan mota tsakanin Tawa da Yamai ta Konni da Dogondutsi da Doso. Takarduna cikakku ne, parmi, kat giris, asirans, binyet, babu wadda ta mutu, amma duk da haka in munka iso wani shingen sai mai kaki ya amshe su ya tahi gindin icce ya zamna, ba ya cewa komi, kai ma ka san abin da yake jira. In ka ba da dala ɗari ka wuce, in ka ƙiya fasinja su hau ka da faɗa wai kana ɓata musu lokaci. Malam shin akwai maganin wannan abu kuwa, kuma ni da nake badawa ina da zunubi?
Wani direba, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya kiyaye hanya. Bari in fara da ta ƙarshen tunda ita ta fi damunka. Hadisi ya zo da tsinuwa kan mai bada rashawa da mai karɓa, dokar hukunta laifuka ta Nijar ma duka biyun take kamawa. Sai dai malamai da yawa sun bambanta wanda ya bayar don ya ci haƙƙin wani da wanda aka matse shi sai ya bayar kafin ya samu haƙƙinsa, wannan kam ka zauna da malamin unguwarku ya warware maka, ni ba mai fatawa ba ne.

Magani kuwa akwai, amma ba wa'azi kaɗai ba ne. Abin da ke rayar da na goro a hanya shi ne kuɗi suna wucewa daga hannu zuwa hannu babu takarda. Amandin gaskiya yana da resi, kuɗin su tafi baitulmali, wanda babu resi kuwa aljihu ya nufa. Shi ya sa kullum nake cewa direbobi in an ce kun yi laifi ku tambayi wane laifi ne kuma ku ce a rubuta muku resi, cikin ladabi, "shef a yi mini resi" kawai ba zagi ba ɗaga murya, sau da yawa daga nan ake miƙo maka takardunka don mai neman dala ɗari ba ya son rubutu. Na san wani lokaci amandin ya fi na goron tsada, to a nan ne fa mu ma muke da hannu, wanda asirans ɗinsa ta mutu wata shida shi ne ya fi kowa son a "gane juna", kuma shi ya koya wa mai kakin cewa kowace mota akwai abin tatsa.

Ka dubi ƙasar Jojiya. A 2004 gwamnatin shugaban ƙasar Saakashvili ta sallami 'yan sandan hanya dubbai kusan a lokaci guda, ta ɗauki sabbi, ta ninka albashi, ta ba su motoci da kayan aiki, sannan abin da ya fi burge ni, aka hana ɗan sanda taɓa kuɗin tara sam, sai dai ya rubuta maka ka je banki ka biya. Mu nan da kowa ke aika kuɗi ta waya har ƙauye, me zai hana a biya amandi haka? Hong Kong kuma a 1974 suka kafa hukumar yaƙi da rashawa mai suna ICAC wadda ba ta ƙarƙashin 'yan sanda, bayan wani babban jami'in 'yan sanda Peter Godber ya gudu Ingila ana tsakiyar bincikensa, kuma ba da daɗi abin ya tafi ba, a 1977 'yan sandan da kansu suka yi zanga-zanga har sai da aka yafe yawancin tsofaffin laifuka.

Darasin Godber shi ne wanda mutane ba su son faɗa: yaron da ke tsaye a rana ba koyaushe shi kaɗai ke ci ba. In ana neman a tura mutum wani shinge da kamun ƙafa saboda wurin "yana da maiƙo", to ka san akwai mai jiran kasonsa a ofis, kuma korar ƙaramin ba ta canja komi, gobe a kawo wani. Dole a riƙa juya ma'aikata kada su daɗe wuri guda, kowa da suna ko lamba a ƙirji, masu bincike su riƙa shiga motar haya cikin farin kaya ba sanarwa, in an kama yaro a tambayi shugabansa ma. Albashi kuma a biya shi kan kari, da man mota, don wanda aka tura aiki babu mai a tanki an riga an nuna masa inda zai samo. Akwai masu kaki na kirki da yawa da ba su karɓa, su ne ma suka fi cutuwa da wannan suna.

Hukumomin yaƙi da rashawa kuwa an yi su a Nijar, an kafa HALCIA a 2011, aka zo da COLDEFF a 2023, amma hankalinsu ya fi karkata ga manyan kuɗi, dala ɗarinka ba za ta kai teburinsu ba in kai kaɗai ne. Don haka ku bi ta sandikanku na direbobi. Kowa ya riƙa rubuta rana da lokaci da wurin da aka tsayar da shi da abin da aka karɓa, a tara na wata guda, shugabannin tasha su kai wa manyan 'yan sanda na jaha ko mai shigar da ƙara a rubuce su ajiye kwafi. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar mutum hoto a fuska, rigima za ka jawo wa kanka. Fasinja kuma tun a tasha ka gaya musu cewa motarka ba ta bada na goro, wanda ke sauri ya nemi wata.