GC-MS ko LC-MS don ragowar maganin ƙwari?

Malam, ka tambaya wanne ya fi dacewa da gano ragowar maganin ƙwari a amfanin gona. A ganina, halin sinadarin ne zai zaɓa maka. GC, wato hanyar rarrabe sinadaran samfur suna cikin yanayin tururi, sai abin da zai zama tururi ba tare da zafi ya lalata shi ba. Wanda ba ya jure zafi kuwa, LC ne nasa, wato hanyar rarrabe su suna narke cikin ruwa, kuma dabarar electrospray (fesa ruwan samfur da ƙarfin lantarki), wadda ta kawo wa John Fenn kyautar Nobel a 2002, ita ta sauƙaƙa haɗa LC da MS, na'urar da ke gane sinadari ta nauyin ƙwayoyinsa.

Amma don Allah kada ka yi sakaci da tace samfur. A LC-MS, dattin da ya rage yakan danne siginar, sakamako ya fito ƙasa da yadda yake, kuma na'urar ba za ta faɗa maka ba.