Tambaya da Amsa: Dutsen Tubkal da Ƙanƙarar Ukaimedan

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kano, zan je Maroko a watan Fabrairu kuma zan sami kwana huɗu a Marrakesh. Ina so in hau Dutsen Tubkal, in kuma leƙa garin da ake zamiya a kan ƙanƙara. Kwanakin za su isa? Me zan tanada?

Amsa: Alhaji, za su isa, amma da sharaɗin ka bi a hankali. Abin da ke kayar da baƙi a can shi ne tashi sama da sauri. Marrakesh na kan tsayin mita 460 daga teku, kusan daidai da Kano. Ƙololuwar Tubkal kuwa mita 4,167 ce, babu wadda ta kai ta a Arewacin Afirka. Wanda ya kwana a Marrakesh ya wayi gari yana neman ƙoli, jikinsa bai sami lokacin sabawa da ƙarancin iska ba.

Dutsen yana cikin gandun ƙasa na Tubkal da aka kafa a 1942, kuma ƙofar shigarsa ƙauyen Imlil ne, kimanin kilomita 65 kudu da Marrakesh. Ana zuwa da tasi ta hanyar Asni, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ka kwana a Imlil daren farko, don yana kan kusan mita 1,800. Washegari sai ka kama hanya ta ƙauyen Arumd, ka wuce hubbaren Sidi Shamharush, ka isa masaukin mahaya da ke kan mita 3,200 bayan awa biyar zuwa shida. Rana ta uku ake tashi kafin asuba, a kai ƙoli cikin awa uku zuwa huɗu, a sauko. Saukowar ta fi cin gwiwa, kuma a nan aka fi zamewa saboda gajiya.

Tun bayan kisan wasu mata biyu masu yawon buɗe ido a Disambar 2018, ba a barin baƙo ya hau sai da ɗan jagora mai lasisi, kuma akwai shingen jami'an tsaro da ake duba fasfo. Kada ka bar naka a otal. Alfadari na ɗaukar kaya, amma da hunturu iyakarsa inda ƙanƙara ta fara, daga nan sai ɗan dako ko bayanka.

A Fabrairu dole ne ka sami ƙusoshin ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi da ɗan gatarin ƙanƙara, duka ana ba da hayarsu a Imlil. Ka gwada ƙusoshin a kan takalminka tun a shago. Idan suka yi sako-sako za su kwance a gangare. Tufafi hawa uku: na ciki wanda ba auduga ba, sai suwaita, sai rigar da ke tare iska. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa sai ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikinka. Ka haɗa da safar hannu, fitilar goshi, da baƙin tabarau, domin hasken rana a kan ƙanƙara yana ƙona ido, zafin kuma ba ya bayyana sai dare.

Ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci su ne alamun farko na cutar tsayi. Idan sun zo, kada ka ƙara hawa. Idan tafiya ta koma tangaɗi, ko numfashi ya yi wuya kana zaune, a sauko nan take ko da dare ne. Mai ciwon zuciya, hawan jini ko sikila ya ga likita kafin ya sayi tikiti. Ga mai sikila ƙarancin iska na iya tayar da ciwon.

Tambaya: Malam, ni da 'ya'yana uku ne za mu je Marrakesh, ba hawan dutse za mu yi ba, so muke kawai yara su taɓa ƙanƙara. Ina ya dace? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, Ukaimedan za ku nufa, a allon hanya za ki ga an rubuta Oukaïmeden. Kusan kilomita 75 ne daga Marrakesh, tafiyar awa biyu a hanya mai lanƙwasa, don haka yaron da mota ke sa wa amai ya ci abinci kaɗan. Garin yana kan mita 2,600, ya ɗara Chappal Waddi, dutsen da ya fi tsayi a Najeriya. Akwai kujeru masu tafiya a kan igiyar ƙarfe da ke kai mutane sama da mita 3,200, sai dai ba kullum suke aiki ba.

Ƙanƙarar wurin ba ta da alƙawari. Janairu zuwa Maris ne lokacinta, amma shekarun fari sun sa wani lokaci sai a tarar da duwatsu tsirara. Ki sa mai masaukinku ya buga waya can ranar da za ku tafi. Ku guji Asabar da Lahadi, don mutanen Marrakesh kan cika wurin. Yara ba sa buƙatar sandunan zamiya. Ƙaramin kwandon roba da ake zama a ciki a sulalo ya wadatar. A yi cinikin haya a gama kafin a karɓi kaya, a kuma faɗi ko kuɗin na awa ne ko na wuni. Ki riƙe dirhami, kuɗin Maroko, a hannu, ki kuma tafi da safa ta canji, domin ƙafar yaro ce ke fara jiƙewa.

Shi kuma Alhajin Kano, ya ajiye Ukaimedan a rana ta huɗu. Garin ba shi da nisa da Imlil a miƙe, amma a mota sai an sauko ƙasa an zagayo, don haka a yi sammako.