Tambaya da Amsa: In sayar da PS5 ɗina in ɗauko Pro, ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, sannu da ƙoƙari. Ina da PS5, wato na'urar gem ta PlayStation 5, irin ta farko mai cin faifai, lafiyarta ƙalau, amma tunda sabuwar PS5 Pro ta fito abokaina suka sako ni gaba wai an bar ni a baya, wai hotonta ba'a magana. Ni yawanci ƙwallo nake bugawa sai ɗan gem ɗin faɗa jefi-jefi, tibi ɗina kuma inci 43 ce ta da, ba 4K mai tsaftar hoto sosai bace. Don Allah a gaya min gaskiya, in sayar in cika kuɗi in ɗauko Pro ko in zauna da tawa?

Daga wani makaranci

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Zauna da taka. Amma tunda nasan abokan nan bazasu ƙyale ka ba bari in baka abin da zaka mayar musu dashi.

Abokanka basu yi ƙarya ba, Pro tafi taka ƙarfi, sai dai ka san a ina ƙarfin yake. Sony ta fito da ita ranar 7 ga Nuwamba 2024 akan dala 700 a Amurka, alhali taka da ta fito a Nuwamban 2020 dala 500 aka sa mata, a watan Agustan 2025 ma suka ƙara dala 50 akan kowaccensu. In ka buɗe cikinsu ƙwaƙwalwar da ke lissafin gem ɗin, wato mai kula da motsin 'yan wasa da yawan mutane a gari da dabarar abokan gaba, kusan iri ɗaya ce, duk Zen 2 ce ta kamfanin AMD, ɗan gudu kaɗan aka ƙara mata. Inda aka zuba kuɗin shine ɓangaren zana hoto, shi Sony tace ta ƙara masa girma da kashi 67 cikin ɗari, saurin zanen kuma zai iya ƙaruwa har zuwa kashi 45. Ka riƙe wannan "har zuwa" ɗin da kyau, don ba kowane gem bane yake kaiwa can.

Toh me wannan ƙarfin yake siyo maka? Ka taɓa lura in ka shiga saitin manyan gem ana baka zaɓi biyu, ko hoto mai kyau tangaran amma motsi yana tafiya da firem 30, wato hotuna 30, a daƙiƙa, ko motsi mai santsi firem 60 amma hoton ya ɗan dusashe? Wannan zaɓin shi Pro tazo ta kashe, ta baka 60 ɗin kuma hoton bai lalace ba. Mark Cerny, mutumin da ya jagoranci ƙera na'urar, da bakinsa ya faɗa lokacin gabatar da ita cewa kusan kashi uku cikin huɗu na lokuta mutane santsin motsi suke zaɓa, kaga kenan su kansu sun san mutane sun fi damuwa da yadda gem yake amsa hannu akan kyan ganyen bishiya. Dabarar da suke amfani da ita sunanta PSSR, na'urar tana zana hoton a ƙarami don tayi sauri sai ƙirƙirarriyar basira ta cike sauran ta miƙa shi ya kai kamar 4K. Akwai kuma lissafin haske da inuwa da yadda abu yake haskawa a ruwa ko gilashi, shima ya ninka sauri. A gem kamar Final Fantasy VII Rebirth wanda hotonsa na firem 60 yake dishi-dishi a PS5 ta farko, wallahi bambancin a fili yake ko makaho ya shafa zai ji. Sai memori, 2TB ne a Pro, taka kuwa 825GB aka rubuta amma abin da zaka iya amfani dashi bai wuce 667 ba, manyan gem biyar ko shida ka sa ta fara kuka.

Yanzu kuma ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan kyan da nake lissafa maka ta tibi zai fito, tibinka kuma 1080 ce iyakar tsaftar hotonta, ƙasa da 4K, in ka jona mata Pro hoton zata matse ya dawo daidai abin da tibin zata iya ɗauka, zaka ga ɗan tsafta a gefen abubuwa amma ba abin da zai sa ka ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. Kafin Pro ta nuna kanta sai an samu tibi 4K babba, in son samu ne mai HDMI 2.1 wadda take ɗaukar firem 120, kuma ka zauna kusa da ita, don ko masu irin wannan tibin in suka koma can ƙarshen falo suka kishingiɗa da yawa basa iya banbancewa sai an tsayar da hoton an zuƙo shi.

Sannan babu gem ko ɗaya da aka yi don Pro kaɗai, duk abin da mai Pro zai buga kaima zaka buga, rana ɗaya, kuma in kun haɗu a intanet ba wani gol da na'urarsa zata ci masa. Ƙwallon da kake bugawa dama can firem 60 take tafiya a taka lokacin wasa, kyamara tana nesa, 'yan wasa ƙanana, ina zaka tsaya kallon zufar goshin ɗan wasa ana kawo maka hari? Kuma ba kowane gem ke cin moriyar Pro sosai ba sai masu shi sun zauna sun yi masa afdet na musamman, wasu ma da aka yi musu a farkon fitowarta irinsu Silent Hill 2 sai da mutane suka yi ta ƙorafin hoton yana ƙyalƙyali yana rawa a wasu wurare. Gem ɗin da kuma nauyinsa akan waccan ƙwaƙwalwar lissafin yake, wadda nace kusan ɗaya ce, zai iya zama a firem 30 ɗinsa ko a Pro ne.

Abin da yafi bani haushi ni kam shine maganar faifai. Na'ura mafi tsada a gidan amma a kwalinta babu wajen sa faifai, daban ake sayar dashi, lokacin fitowarta dala 80 ne, ƙafar da zaka tsayar da ita a tsaye itama daban dala 30, kafin ka ankara dala 700 ta lokacin ta haura 800 baka sayi gem ko ɗaya ba. Kai da kake da faifai a ajiye dole ka biya wannan ko su zama kayan ado, kuma ka rasa damar aro da musaya da sayen na hannu.

In kuɗin na cizonka ne toh ka fara canza tibi, a nan zaka ga PS5 ɗin da kake rainawa ashe baka taɓa ganin rabin abin da take iyawa ba. In wuri ne ya maka kaɗan akwai ramin ƙarin memori a jikinta, irin M.2, murfi kawai zaka zare ka sa.

Tambaya: Malam ina wuni. Ɗana ne yake da PS4 da faifai wajen ashirin, na masa alƙawarin sabuwa in ya ci jarabawa, shi kuma ya kafe sai Pro. Ni ban san komai a harkar ba, faifan nasa zasu yi a kai?

Daga wata uwa

Amsa: Lafiya lau Hajiya, Allah ya bashi sa'a. Kusan duk gem ɗin PS4 suna yi akan PS5 kowace iri, har sukan fi saurin buɗewa, amma sai na'urar tana da wajen sa faifai, ita kuma Pro kamar yadda na faɗa a sama sai an sayo mata shi daban, kuma ranar da aka fara jona shi sai an haɗa da intanet sau ɗaya yayi rajista. Shawarata ki nemi ƙaramar da suka fito da ita ƙarshen 2023 wadda ake cewa Slim, ki tabbatar mai faifai ce don itama kala biyu ce, memorinta 1TB. Yaron da ya taso daga PS4 tsallen da zai gani a nan ya ishe shi, daga jiran minti guda gem ya buɗe zuwa 'yan daƙiƙu, ga hannun DualSense da yake girgiza daidai abin da ke faruwa, maɓallan baya suna tauri in ana jan baka ko taka birki, illarsa dai cajinsa baya daɗewa. Tsohon hannunsa na PS4 kar ya yar, yana aiki amma a gem ɗin PS4 kawai.

Ki kuma sa a lissafi cewa kashe kuɗi baya ƙarewa a ranar saye, sabon babban gem dala 70 ne a Amurka, buga yawancinsu da mutane ta intanet sai da biyan PlayStation Plus duk wata ko shekara, banda na kyauta irin Fortnite, kuma wani gem ɗin daunlodinsa kaɗai ya haura 100GB. Rarar da zaki samu in kin bar Pro ita zata ɗauki wannan. A cikin saitin akwai inda iyaye ke ƙayyade awannin wasa da kuɗin da yaro zai iya kashewa, ki sa wani ya saita miki tun ranar farko kafin shi ya riga ki.

Tambaya: Ni kuma ina da tibi 4K inci 65, bani da kowace na'ura yanzu, faifai baya gabana. Pro ko Xbox Series X?

Daga wani makaranci

Amsa: Kai kam irinka aka yi wa Pro, in aljihu zai ɗauka ka saya ba tare da wani dogon tunani ba. Series X tun 10 ga Nuwamba 2020 take, sa'ar PS5 ta farko ce ba ta Pro ba, abin da take taƙama dashi Game Pass ne, ka biya na wata ka buga gem da yawa, da kuma yadda zaka bar gem uku ko huɗu a buɗe ka koma kowanne daga inda ka tsaya. Sai dai Microsoft mai Xbox ɗin da kanta ta fara kai gem ɗinta PlayStation, Forza Horizon 5 ma ya shiga a 2025, su kuwa manyan na Sony irinsu God of War da Spider-Man basa zuwa Xbox. Ka tambayi abokan da zaka riƙa bugawa dasu wacce suke kai kafin ka biya.