Tambayi Likita: Ƙanina jininsa ba ya tsayawa, kuma an ce sai an yi masa aikin zuciya

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah ƙanina ne ɗan shekara 24, yana da himofiliya A, tun ranar da wanzami ya yi masa kaciya jini ya ƙi tsayawa aka gano. To yanzu kuma ga haki ga kumburin ƙafa, an yi masa hoton zuciya an ce bawul ɗaya (ƙofar cikin zuciya da ke hana jini komawa baya) ya lalace sai an yi tiyata, mamanmu ta ce ita kam ba za ta sa hannu ba, yaron da ko yankan reza sai mun kwana asibiti ya za a tsaga masa ƙirji? Wai ana yi kuwa? Wata 'yar uwa daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ana yi, kuma ana tashi lafiya, amma fa ba a kowane asibiti ba.

Mai himofiliya A abin da ya rasa wani sinadari ne da ke daskarar da jini, fakta 8 (mai B kuma fakta 9). Kafin a shiga da shi za a zuba masa shi ta jijiya har ya kai kashi 80 zuwa 100, wato a ranar jininsa kusan daidai yake da na kowa. Matsalar ita ce fakta 8 ba ya daɗewa a jiki, cikin awa 8 zuwa 12 rabinsa ya tafi, dole a yi ta ƙarawa ana aunawa har kusan sati biyu bayan aikin, shi ya sa nake cewa kar ku yarda a sa rana sai kun tabbatar maganin na duka kwanakin yana ajiye a firij, ba wai "za a kawo" ba. Ku tuntuɓi ƙungiyar masu himofiliya, Haemophilia Foundation of Nigeria, ko za su taimaka wajen samo shi. Sannan a fara gwada shi ko jikinsa yana yaƙar faktan da ake sa masa, in yana yi tsarin gaba ɗaya canzawa zai yi.

Kar ku firgita in kun ji za a ba shi hefarin mai tsinka jini, injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu ba ya tafiya sai da shi, ana gamawa a karya ƙarfinsa da wata allura.

Inda nake so ku tsaya ku yi dogon tunani shi ne irin bawul ɗin da za a sa masa. Na ƙarfe yana da ƙarko sosai amma sai mutum ya sha wafarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwa, mai himofiliya kuwa da wafarin kullum kin san ba ƙaramin haɗari ba ne. Don haka galibi an fi son a gyara nasa in zai gyaru, in ba zai gyaru ba a sa na naman dabba wanda ba ya buƙatar wafarin na dindindin. Na san tambayar da mama za ta yi, eh akwai na alade, amma akwai na saniya, ku faɗa musu tun wuri. Aibin na naman dabba shi ne yana tsufa, shekara 10 zuwa 15 haka, a jikin matashi ma ya kan fi saurin lalacewa, ke nan ku sa a rai wata rana za a sake komawa. In kuma tsukewa kawai bawul ɗin ya yi, ku tambaya ko za a iya buɗe shi da balan-balan ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba.

Ku je da mama ta zauna da likitan jini da likitan fiɗa tare ta ji da kunnenta. Kafin nan ban da asfirin, ban da ibuprofen da diclofenac, ban da ƙaho. Za a tura shi likitan haƙori kafin aikin, in an ce a cire wani shi ma sai an sa masa fakta tukuna.